Falsafa da barkwanci: dariya na sauƙaƙa zurfin tunani ne, ko ɓata shi take yi?

Shin ana iya koya wa mutum falsafa yana dariya, kuma ya tashi da wani abu a kansa? Ko kuwa da zarar an zuba raha a cikin ilimi mai nauyi, an zubar masa da mutunci ke nan?

Tambayar ta ƙara tasowa tun da gajerun bidiyo suka cika wayoyinmu. Za ka ga matashi ya ɗauko mas'alar da masana suka fi shekara dubu biyu suna kai-kawo a kanta, ya dunƙule ta cikin minti ɗaya a TikTok ko Facebook, ya rufe da abin dariya. Wasu su ce madalla, ilimi ya sauko inda kowa zai ɗiba. Wasu su ce wannan wasa da ilimi ne, kuma ƙarshensa raini. Hukumar UNESCO ma, da ta fara bikin Ranar Falsafa ta Duniya a 2002, wanda ake yi ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba, burinta shi ne a fito da falsafa daga ɗakunan karatu a kai ta ga jama'a. Inda gizo ke saƙa shi ne ta wace hanya za a kai ta.

Ni dai ina tare da masu cewa barkwanci hanya ce, kuma tsohuwar hanya. Sai dai akwai sharaɗi, kuma yawancin masu yi da masu suka ba su tsaya sun duba sharaɗin ba.

Mece ce falsafa, kuma me ya sa ake gudunta?

Kalmar ta zo mana ta Larabci, Larabawa kuma sun aro ta daga Girkawa, ma'anarta son hikima. A aikace, falsafa ita ce mutum ya tsaya ya tuhumi abin da kowa ya ɗauka ba ya bukatar tuhuma. Ta yaya na san abin da nake cewa na sani? Me ya sa wannan aiki daidai ne, wancan kuskure? Mene ne adalci? Wace hujja ce ta tsaya da ƙafarta, wace ce ta jingina da son rai? Reshen da ke auna hujja shi ne malamanmu ke kira manɗiƙ.

Abu biyu ne suka sa ta yi wa mutanenmu kwarjini. Na farko harshe. Ɗalibin jami'a a Najeriya yana haɗuwa da ita a cikin darussan bai-ɗaya da ake ɗora wa kowa, da Turanci, a aji mai ɗaruruwan mutane. Ɗalibin Nijar kuwa yana karo da ita da Faransanci a ajin ƙarshe na sakandare, ga jarrabawar bakaloriya a gabansa. Duka biyun sukan koma ga hadda: wane ya ce kaza, wane ya musa. An haddace sunaye, an tsallake tunanin.

Na biyu tarihi. Kowa ya ji cewa Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa raddi a kan mas'aloli 20, ya kafirta su a kan 3. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne shi kansa Gazali ya riƙe manɗiƙ da hannu biyu, ya yi rubuce-rubuce a kansa, ya shigar da shi cikin usulul fiƙhu. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare manɗiƙ a musayar baitoci da Imamu Suyuɗi da ke ganin haramcinsa. Malamin da ya rubuta Ahlari, littafin da yaranmu ke fara fiƙhu da shi, shi ne ya rubuta waƙen Sullam da ake karanta manɗiƙ da shi a zaure. A Sakkwato kuma an yi Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya yi rubutu mai zurfi a fannin hikima a ƙarni na 19. Wato auna hujja ba baƙo ba ne a gidanmu. Hanyar koyar da shi ce ta bushe.

Barkwanci daban, ba'a daban

Rabin gardamar tana fitowa ne daga cakuɗa kalmomi, alhali Hausa ta riga ta rarrabe su. Raha ita ce sakin fuska da zance mai daɗi. Barkwanci magana ce ko labari da aka ƙulla don a ba da dariya. Zolaya tsokana ce tsakanin waɗanda suka saba. Gatse shi ne ka faɗi abu kana nufin akasinsa. Habaici da shaguɓe suna jifa ba tare da kama suna ba. Zambo yana kama mutum ya muzanta shi. Ba'a da izgili kuwa wulaƙanci ne tsantsa.

Mai cewa raha na ɓata ilimi, in ka bi maganarsa, sau da yawa ba'a yake nufi. Mai cewa tana gyara shi, barkwanci yake nufi. Kowa da abin da ke ransa, shi ya sa ba sa haɗuwa.

Me ya haɗa dariya da tunani?

Masana sun daɗe suna tambayar me ke sa ɗan Adam dariya. Thomas Hobbes na Ingila, a 1651, ya ce muna dariya ne idan muka ji kwatsam mun fi wani. Sigmund Freud, a 1905, ya ce dariya hanya ce ta fitar da abin da aka danne a zuci. Amma bayanin da ya fi shafar batunmu shi ne wanda ake dangantawa ga Kant da Schopenhauer na Jamus: dariya na zuwa ne idan hankali ya miƙe hanya yana jiran abu kaza, sai wani abu dabam ya ɓullo.

Mu gwada da labarin Juha, wanda Larabawa ke ba da labaransa fiye da shekara dubu, Turkawa kuma suke da irinsa mai suna Nasruddin Hoja. Juha ya ari tukunya wurin maƙwabcinsa. Da zai mayar, sai ya saka wata 'yar ƙaramar tukunya a ciki. Maƙwabci ya ce wannan fa? Juha ya ce ai tukunyarka ce ta haihu a gidana. Maƙwabci ya karɓe duka biyu yana murna. Bayan kwanaki Juha ya sake aro, wannan karon shiru. Da maƙwabci ya gaji ya je biɗa, Juha ya ce masa sai haƙuri, tukunyarka ta rasu. Maƙwabci ya ce haba, tukunya na mutuwa? Juha ya ce, wadda ta haihu ai za ta mutu.

Duba abin da ya faru a kanka lokacin da ka yi dariya. Ka gane cewa maƙwabcin ya karɓi wata ƙa'ida, cewa tukunya mai rai ce, a ranar da ƙa'idar ta kawo masa riba, sannan ya ƙi ta a ranar da ta kawo masa asara. Ka gane cewa ba zai yiwu ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya ba. A manɗiƙ wannan babi ne guda: ka karɓi maganar abokin gardamarka, ka bi ta har inda za ta kai, ka nuna masa ta kai shi ramin da shi kansa ba zai yarda ya faɗa ba. Malami zai iya cinye awa guda yana bayanin wannan a allo. Labarin tukunya ya yi shi cikin numfashi biyar, kuma babu wanda ya gaya maka amsar. Kai ka kamo ta da kanka, dariyar ita ce shaidar ka kamo.

Nan ne dangantakar take. Barkwanci da falsafa aikinsu ɗaya a wannan gaɓa: su tono wani zato da ka ɓoye a ƙarƙashin tunaninka ba ka sani ba. An ruwaito cewa Ludwig Wittgenstein, ɗaya daga cikin manyan masana falsafa na ƙarni na 20, ya taɓa gaya wa wani ɗalibinsa cewa ana iya rubuta littafin falsafa na gaske wanda babu komai a cikinsa sai barkwanci.

Ragon layya da matsalar "kullum haka ake yi"

Na ga wannan da idona. Wata shekara, ana saura kwana uku Babbar Sallah, ɗan yayata ya zo hutu daga jami'a da takardunsa, domin jarrabawa na jiransa bayan Sallah. Na same shi da hantsi a gindin bishiyar tsakar gida yana maimaita wani sakin layi kamar mai tilawa. Batun shi ne abin da malaman manɗiƙ ke kira istiƙra'i, wato ka ga abu ya faru sau da yawa, ka yanke hukuncin cewa haka zai ci gaba. Takardar ta ce David Hume, ɗan ƙasar Sikotland da ya rasu a 1776, ya nuna cewa irin wannan hujja ba ta da tabbas. Yaron ya haddace jimlar tsaf. Da na tambaye shi me take nufi, sai ya sosa ƙeya.

Gefenmu ragon layya ne ɗaure a turke, an yi wata guda da rabi ana kiwonsa. Ƙanwarsa ta shigo da kwanon dusa an barbaɗa kanwa, ragon ya miƙe tun kafin ta iso, yana jan igiya.

Na ce masa, "In da ragon nan ɗalibi ne, aka ce ya rubuta abin da ya sani game da mutanen gidan nan, me zai rubuta?"

Ya ce, "Kawu, ai zai ce mutanen kirki ne. Kullum dusa, kullum harawa, ga wanka."

"Hujjarsa fa?"

"Kwana arba'in da biyar ba a taɓa fashi ba."

"To wace rana ce tabbacinsa zai fi kowace rana ƙarfi?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya ce, "Ranar jajibiri." Ya yi ta dariya yana kallon ragon, can kuma sai ya yi tsit.

Misalin ba ƙirƙirata ba ce. Bertrand Russell ya kawo irinsa a 1912 da kaza, wadda mai ba ta hatsi kullum shi ne wata rana ya murɗe mata wuya. Ni dai rago na gani a gabana. Amma abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Bayan shirun nan yaron ya ɗago ya ce, "Amma Kawu, in haka ne ai ba abin da za mu yarda da shi. Fitowar rana ma ai don mun saba gani ne. Maganin da likita ke bayarwa ma don ya yi wa wasu aiki ne."

Na ce masa yanzu ka fara karatun. Muka shiga warwara. Ya ce kuskuren ragon shi ne ya ƙirga kwanaki bai nemi dalilin ciyarwar ba. Da ya san dalili da bai ruɗu ba. Na ce wannan amsa ce mai kyau, sai dai Hume zai ce maka shi kansa dalilin da sabo ka san shi, domin ba ka taɓa ganin "dalili" da ido ba, abin da ka gani shi ne wannan ya zo, wancan ya biyo. Muka kai azahar ba mu gama ba. Dariyar ba ta wuce daƙiƙa goma ba, tattaunawar ta ci awa biyu, kuma ba don waɗannan daƙiƙoƙi goma ba da ba a yi ta ba.

Hanyar ba sabuwa ba ce

Tun a Girka ake haka. An ruwaito cewa Aflatun, babban masanin falsafar Girka, ya bayyana mutum da cewa dabba ce mai ƙafa biyu marar gashin tsuntsu. Sai Diyojin, wani mai gudun duniya da ke kwana a cikin randa a birnin Atina, ya fige kaza ya shigo da ita makarantar Aflatun ya ce ga mutumin Aflatun. Dole aka ƙara wa bayanin "mai faffaɗan farce". Darasin shi ne misali ɗaya tak da ya saɓa ya isa ya rushe ma'anar da aka gina, kuma har yau da wannan dabara ake gwada kowace ma'ana, a kotu ko a aji.

A Basra, Jahiz, wanda ya rayu a ƙarni na 9, ya shahara da gauraya zance mai nauyi da raha da gangan, yana cewa mai karatu na gajiya, dole a ba shi wurin shan iska. Ibnul Jauzi, malamin wa'azi na Bagadaza da ya rasu a 1201, wanda ba wanda zai zarge shi da sakaci da addini, ya tattara littafi guda na labaran wawaye da gafalallu, ya tattara wani na masu kaifin basira.

Ga kuma abin da ya fi wannan girma a wurin Musulmi. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa wani mutum ya roƙi Manzon Allah (SAW) abin hawa, sai ya ce masa zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya ce me zan yi da ɗan taguwa? Sai ya amsa masa da cewa ai babu raƙumin da ba taguwa ce ta haife shi ba. Raha ce, babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, kuma ta nuna wa mutumin cewa ya ƙuntata ma'anar kalma ba tare da ya lura ba.

Bahaushe ma ya san wannan tun kaka da kakanni. Shi ya ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Ɗauki karin maganar nan: in gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu. Abin dariya ne, amma a cikinsa akwai matsayi cikakke game da ilimi, cewa labari bai isa ba sai abin da jiki ya shaida. Masana a Turai sun rubuta manyan littattafai suna kare wannan matsayi, wasu suna rushe shi. Ko "laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani": ai maƙwabcin Juha ke nan. Wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko tsakanin taubasai, fili ne da al'ada ta buɗe don a faɗi abin da ba ya faɗuwa a zaman kunya. A 2014 UNESCO ta shigar da wannan al'ada ta Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan Adam.

Hujjar masu adawa, kuma ba ta wasa ba ce

Duk da haka, wanda ya ce a yi hattara bai yi ƙarya ba, kuma tarihi na bayansa.

A shekara ta 423 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani marubucin wasan ban dariya mai suna Aristofanis ya fito da Sukurat, masanin falsafa kuma malamin Aflatun, a cikin wani wasa a dandalin Atina yana reto a cikin kwando, yana koya wa matasa yadda za su juya ƙarya ta rinjayi gaskiya don su tsere wa masu binsu bashi. Gari ya sha dariya. Bayan shekara 24, a 399, aka gurfanar da Sukurat bisa zargin ɓata tarbiyyar matasa da ƙin allolin gari, aka yanke masa hukuncin shan guba. A yadda Aflatun ya ruwaito jawabinsa na kare kai, Sukurat ya ce tsofaffin masu ɓata masa suna, har da mai wasan ban dariyar, sun fi masu ƙararsa na ranar haɗari, domin sun riga sun dasa hotonsa a zukatan mutane tun suna yara. Wancan wasa zambo ne. Bai tono zaton kowa ba, sai ma ya ƙarfafa zaton da jama'a ke da shi.

Haka ya faru da Leibniz, masanin Jamus da ya rasu a 1716, wanda ya ce wannan duniya ita ce mafi kyawun duniyar da za a iya halitta, magana mai kama da wadda ake dangantawa ga Gazali kuma malamai suka daɗe suna tattaunawa. Bayan girgizar ƙasar Lisbon ta 1755, Voltaire na Faransa ya rubuta labari a 1759 da wani malami da bala'i ke ta afka masa yana ta cewa komai daidai ne. Labarin ya yi tashe har ya zamana mutane da yawa ta bakin wannan malamin ƙage suka san Leibniz, ba su taɓa duba hujjarsa ta ainihi ba, wadda ta fi haka zurfi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma haɗari na uku, wanda ya fi ɓoyuwa: dariya na iya sa ka ji an gama magana alhali ba a fara ba. Zeno na Girka ya kawo wata hujja mai ɗaure kai cewa motsi ba ya yiwuwa. A ce za ka tashi daga Kano zuwa Zariya. Dole ka fara cin rabin hanya, sannan rabin abin da ya rage, sannan rabin ragowar, haka ba iyaka. Yaya za a gama matakai marasa iyaka? An ce da aka faɗi irin wannan a gaban Diyojin, sai kawai ya miƙe ya yi tafiyarsa. Amsa ce mai daɗi, amma ba ta nuna inda hujjar ta karkace ba. Kowa ya san ana zuwa Zariya. Tambayar ita ce ina kuskuren lissafin yake. Sai da aka yi kusan shekara dubu biyu kafin masana lissafi su shimfiɗa yadda rabi da rubu'i da sumuni, har abin da ba iyaka, suke taruwa su ba da ɗaya cif. Wanda ya tsaya a dariyar Diyojin ya yi asarar wannan duka. Wannan shi ne babban aibin bidiyon minti ɗaya: yana ƙarewa daidai inda ya kamata a fara.

Masu binciken koyarwa sun taɓo wannan. Avner Ziv na Jami'ar Tel Aviv ya wallafa a 1988 cewa ɗaliban da aka koya wa darasi da barkwancin da ya shafi darasin kai tsaye sun fi takwarorinsu cin jarrabawa. A ɗaya gefen, binciken Harp da Mayer na 1998 a Amurka ya nuna cewa ƙarin labarai masu jan hankali waɗanda ba su da alaƙa da darasi suna rage fahimta, domin su ɗalibi ke riƙewa ya saki jigon. Wato malamin da ya tsaya tsakiyar darasi ya ba da labarin ban dariya don kawai a farka, ya saya wa kansa farin jini ne da kuɗin ɗalibansa.

Addini ya riga ya ja layi a nan. Alƙur'ani, a Suratul Hujurat aya ta 11, ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ke ƙarya don ya ba mutane dariya. Abin da ya shafi Allah da Manzanninsa da ayoyinsa kuwa ba fagen wasa ba ne ko kaɗan. Wanda ya fake da falsafa ya tsallaka wannan layi, ya cuci falsafar ma, domin ya tabbatar wa jama'a tsoron da suke da shi game da ita.

To ga sharaɗin da na ambata tun farko. Bayan an gama dariya, mai sauraro zai iya faɗin wane zato ne ya rushe a kansa? In zai iya, an koyar. In abin da ya rage masa kawai shi ne wane wawa ne, to zambo aka yi.

Ina ruwan talaka da wannan?

Ruwansa da yawa, domin shi ake yi wa wasa da hujja kullum. A 2016 tsarin zuba kuɗi na MMM ya mamaye Najeriya da alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata. Waɗanda suka shiga da wuri an biya su, suka gaya wa 'yan'uwa, aka yi ta tururuwa, har watan Disamba na shekarar aka rufe asusun mutane. Bayansa an yi wasu da sunaye daban-daban, salon ɗaya ne. Ka duba da kyau, labaran nan biyu ne suka haɗu. Kuɗin da ke haihuwa ba tare da kasuwanci ba tukunyar Juha ce. "Wata uku ke nan ana biyana ba fashi" kuwa lissafin ragon layya ne. Mutumin da ya taɓa yin dariyar waɗannan labarai, kuma aka tsaya aka warware masa su, yana da abin da zai tuna ranar da aka zo masa da irin wannan tayi. Sakin layin da aka haddace da Turanci ba ya zuwa a irin wannan rana.

Haka abin yake a lokacin zaɓe, da wurin mai maganin da ke warkar da cuta arba'in a bakin kasuwa, da saƙon WhatsApp da aka ce a tura wa mutum goma.

Abin da ke damuna shi ne ba mu tattara namu ba. A 2007 wasu Amurkawa biyu da suka karanta falsafa a Jami'ar Harvard, Thomas Cathcart da Daniel Klein, sun fitar da littafin da ke bin rassan falsafa ɗaya bayan ɗaya ta hanyar barkwanci, ya kuma samu kasuwa sosai. Amma barkwanci ba ya son tafiya. Wanda aka ƙulla don mutumin New York in ya iso Maraɗi ya huce. Mu kuwa ga karin magana dubbai, ga kacici-kacici, ga wasannin tashe, ga 'yan kama, ga tatsuniya, duk suna zube ba wanda ya jera su babi-babi ya ce wannan na manɗiƙ ne, wannan na ɗabi'a, wannan na siyasa. Aiki ne da malamin jami'a da malamin zaure da mai shirin rediyo za su iya yi tare.

Gizo kaɗai ya isa zangon karatu guda. Maƙaryaci ne, mayaudari, mai haɗama, amma duk yaron da ke sauraron tatsuniya bayansa yake bi, yana dariya in ya damfari zaki ko kura. Me ya sa? Na taɓa jefa wa yaran gidanmu wannan tambaya da daddare bayan an ƙare tatsuniya. Wata yarinya 'yar shekara tara ta ce saboda Gizo ƙarami ne, zaki kuwa babba ne kuma azzalumi. Wanta ya ce to in ƙarami ya cuci babba, ba cuta ba ce? Ta ce ai zakin ne ya fara. Ya ce ranar da Gizo ya cinye abincin Ƙoƙi fa, ita me ta yi masa? Har uwarsu ta zo ta kore su zuwa shimfiɗa ba su daidaita ba, ina jiyo su ta taga suna ci gaba cikin duhu.